Kwamfutar tebur ta ɗalibi: abin da za a saya da abin da za a bari a shago

Tun da aka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka karkata ga abu guda: yadda za a haɗa wa ɗalibi kwamfutar tebur da kuɗi kaɗan. Mun zaɓo shida mun taƙaita su. Ba za ku ga farashi a amsoshin ba, domin kayan nan dala suke bi, kuɗin da aka faɗa yau kafin mujalla ta iso hannunku ya canja. Lambobin kayan su ne ba sa canjawa, su za ku rubuta a takarda ku tafi da su shago.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana ya samu gurbi a Kadpoly, sashen kimiyyar kwamfuta. Na fi son in saya masa ta tebur don ƙannensa ma su amfana, kuma ba a yawo da ita balle a sace. Wani mai shago ya nuna mini guda biyu. Ɗaya ta hannu ce, Core i7-3770 mai RAM 8GB da faifan HDD na 1TB. Ɗayar sabuwar haɗi ce mai Core i3-12100, amma ta fi tsada nesa ba kusa ba. Yaya i3 za ta fi i7 kuɗi? Ko so yake ya cuce ni?
Wani uba, Unguwar Dosa

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. A wannan karon dai mai shagon bai cuce ku ba. Lambar da ke bayan i3 ko i7 ita ce ke faɗin shekarun furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Idan lambobi huɗu ne, na farko shi ne zubinta: 3770 zubi na uku ce, ta 2012. Idan biyar ne, biyun farko ake karantawa: 12100 zubi na sha biyu ce, ta 2022. Shekara goma ke tsakaninsu, kuma i3 ɗin ta fi waccan i7 sauri a kusan duk aikin da ɗalibi zai yi, ga shi ba ta kai ta shan wuta ba. Yawancin masu saye sunan i7 kawai suke ji su zaro kuɗi, masu shago kuwa sun san da haka.

Akwai kuma maganar Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 a hukumance ba ta karɓar furosesar Intel da ke ƙasa da zubi na takwas, kuma tana neman abin tsaron da ake kira TPM 2.0. Masu gyara suna da dabarar cusa ta a tsohon inji, amma hakan na iya kawo tangarɗa wajen karɓar sabbin gyare-gyare daga baya. Saboda haka a cire 3770 daga lissafi, sai dai in Linux Mint ko Ubuntu za a ɗora mata a madadin Windows, wanda ma ba laifi ba ne ga ɗalibin kimiyyar kwamfuta.

Hanya biyu ce a gabanku. Ta farko, wadda ta fi sauƙi ga aljihu, ita ce kwamfutar ofis ta hannu daga zubi na takwas zuwa sama: Dell OptiPlex 3060, 5060 ko 7060, ko HP ProDesk 400 G5, ko HP EliteDesk 800 G4, ko Lenovo ThinkCentre M720. A nemi mai Core i5-8500, wadda ke da cibiyoyin aiki shida. A ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, ta kai 16GB, a sa mata SSD, ma'ajiyar bayanai mai sauri da ke maye gurbin faifan HDD, shi ke nan ta isa rubuta manhaja, da Word, da Excel, da darasi ta intanet har ya gama HND. A kula da lambar: OptiPlex 3050 da 7050 kamarsu ɗaya da waɗancan a ido, amma zubi na shida ko na bakwai ne a cikinsu.

Ta biyu ita ce haɗa sabuwa. Nan za mu fi karkata ga AMD Ryzen 5 5600G, mai cibiyoyi shida da injin hoto a cikinta, wato ɓangaren da ke tura hoto zuwa monita, wadda ke zuwa da fankarta a kwali. Ana ɗora ta a madabod, wato babban allon da duk kayan ciki ke hawa, mai soket AM4, samfurin A520 ko B450 ko B550. A haɗa da RAM DDR4-3200 sanda biyu masu 8GB kowacce, SSD na NVMe (nau'in da ya fi sauri) mai 512GB, fawa-fak (abin da ke raba wa kayan ciki wuta) na kirki mai wat 400 zuwa 450, da akwati mara ƙyale-ƙyale mai fanka ko da ɗaya ce a baya. Idan i3-12100 ɗin kuka fi so, madabod H610 take hawa, amma a duba kwalin, domin akwai H610 mai cin DDR4 akwai mai cin DDR5, kuma sandar ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya.

Abin da muke so ku riƙe, Alhaji, shi ne jerin wanda za a fara biya. Kafin a yi cinikin furosesa, a ware kuɗin UPS, wato akwatin batiri mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, da fawa-fak mai kyau, sannan SSD, sannan RAM. Abin da ya rage shi zai faɗi wace furosesa za a ɗauka. A garin nan na Kaduna wuta ce ke kashe kwamfuta, ba ƙarancin sauri ba. Monita kuwa ta hannu mai inci 22 zuwa 24 da ke nuna 1920 sau 1080 ta wadatar. A dai tabbatar bakin wayarta ya dace da na kwamfutar, don wasu injinan ofis DisplayPort kaɗai gare su, monitar kuma VGA ko HDMI, sai an sayo ɗan abin haɗi.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a KASU. Na haɗa kwamfuta da kaina: Ryzen 5 5500, madabod A520, RAM 8GB. Idan na kunna, fanka tana juyawa, fitila tana kamawa, amma monita ba ta nuna komai. Na canja wayar HDMI har yanzu shiru. Madabod ɗin ne ya lalace?
Ɗalibi, Tudun Wada

AMSA: Ƙanenmu, da alama madabod ɗinka lafiyarsa lau. Ryzen 5 5500 ba ta da injin hoto a cikinta. Bakin HDMI da kake gani a bayan madabod hanya ce kawai, furosesa ce ke turo hoton, in ba ta da shi babu abin da zai fito ko waya goma ka canja. A furosesocin Ryzen na soket AM4, masu harafin G a lambarsu, kamar 5600G da 4600G da 3200G, su ne masu hoto. A ɓangaren Intel abin juyawa yake: masu F a ƙarshe, kamar 12100F, su ne marasa hoto, shi ya sa suka fi araha.

Mafita mafi kyau ita ce ka koma da ita da rasit ɗinka a musanya maka da 5600G ka cika kuɗi. Kada ka yarda a ba ka 3200G don ta fi sauƙi, domin madabod A520 da B550 ba su karɓe ta a hukumance ba, a jikin kwalin da yawa ma an rubuta hakan. Wajen cire furosesar ka yi a hankali: ka ɗan murza fankar hagu da dama kafin ka ɗaga, in ba haka ba man da ke tsakaninsu yana iya finciko furosesar daga soket ya lanƙwasa tsinkayenta, kuma babu mai shagon da zai karɓi furosesa mai lanƙwasasshen tsinke.

Ga waɗanda furosesarsu ke da hoto amma suka ga irin wannan, abin da aka fi samu shi ne RAM bai zauna ba. A cire shi a sake dannawa har sai maƙallan gefe sun yi ƙara sun rufe da kansu. Yana son ƙarfi fiye da yadda sabon shiga ke zato. Na biye da shi wayar wuta mai rami takwas ko huɗu da ke shiga saman madabod kusa da furosesa, mutane kan sa babbar mai rami 24 su manta da ita. Sai tsohon BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta: madabod B450 da ya daɗe a kan kanta yana iya ƙin gane furosesar jerin 5000 sai an sabunta shi, don haka a sa mai shago ya kunna su tare a gabanka kafin ka biya. Na ƙarshe, a duba ƴan ginshiƙan tagullar da ake ɗaurewa tsakanin madabod da akwati. Idan an ɗaura ɗaya a inda madabod ba shi da rami, ko an ɗaure madabod kai tsaye a jikin ƙarfe, wuta za ta haɗu ta ƙasa.

TAMBAYA: Salam. Ina shekarar ƙarshe, ina aiki da manhajojin lissafi na SPSS da Excel don furojet ɗina. Yayana zai haɗa mini kwamfuta mai 5600G. Mai shago ya ce sandar RAM ɗaya mai 16GB da biyu masu 8GB duk ɗaya ne. Kuma ya ce in ɗauki HDD mai 1TB maimakon SSD mai 256GB tunda kuɗinsu ya yi kusa. Wanne zan bi?
Ɗaliba, Barnawa

AMSA: Wa alaikis salam, ƴar'uwa. A lissafin yawa ɗaya ne, a aiki ba ɗaya ba ne. Furosesar tana da hanyoyi biyu na magana da RAM, sanda ɗaya kuma hanya ɗaya kawai take buɗewa. DDR4-3200 tana ɗaukar kusan 25.6GB a daƙiƙa a hanya ɗaya, sanda biyu su ninka shi. Ga 5600G wannan ya fi muhimmanci, saboda injin hotonta ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM ɗin yake ɗiba. Ki ɗauki biyu masu 8GB, kamfani ɗaya, lamba ɗaya. In madabod mai gurbi huɗu ne, yawanci gurbi na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake sa su, littafin da ke cikin kwali zai tabbatar. Bayan an haɗa a shiga BIOS a kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken saurinsa, wanda wasu madabod ke kira DOCP, domin sanduna da yawa in ba a kunna shi ba a 2133 ko 2400 suke tsayawa, an biya kuɗin saurin da ba a mora. Yayanki ya kuma lura kada a ba shi gajeriyar sandar laftof, ba ta shiga madabod na tebur.

Maganar faifai kuwa ba ma sai an ja ta ba: SSD. Faifan HDD yana karanta wajen 100 zuwa 200MB a daƙiƙa, SSD na SATA wajen 550MB, na NVMe a kan wannan furosesa har kusan 3,500MB. Kada a biya ƙarin kuɗi don SSD na PCIe 4.0, wato sabon zubi mai ƙarin sauri, domin 5600G a 3.0 take tsayawa. Bayan sauri, HDD faifai ne da ke juyawa da allura a kansa, ɗaukewar wuta yana tsakiyar rubutu da jijjigar tebur suna yi masa illa. Bayanan SPSS da babi biyar na furojet ba za su ci ko kusa da 256GB ba, amma in kuɗi ya kai a ɗauki 512GB, don Windows da manhajoji suna cin wuri a hankali. Idan kin ga 512GB ya nuna 476GB, ko 256GB ya nuna 238GB, ba sata ba ce, bambancin yadda kamfani da Windows ke ƙirga ne. Furojet ɗin kuma kowane dare a kwafe shi a filash da Google Drive, don SSD in zai mutu ba ya sallama.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Sau biyu kwamfutar yarana tana ƙonewa, duk bayan an kawo wuta. Mai gyara ya ce fawa-fak ne, ya canja, ta sake. Yanzu zan saya wa babbarsu wata don karatunta. Me zan yi kada a maimaita?
Wata uwa, Rigasa

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi a yau. Fawa-fak shi ne ke karɓar wutar bango mai bolt 230 ya mai da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da kayan ciki ke sha. Na kirki yana da masu gadi a cikinsa, in wuta ta yi yawa ko ta haɗu sai ya kashe kansa. Irin wanda ke zuwa kyauta a cikin akwati mai araha, an rubuta masa wat 500 ko 650 a jiki amma in kin ɗaga shi sakayau kamar gwangwanin da ba komai, sau da yawa an rage masa waɗannan masu gadin, in zai tafi sai ya ja madabod da SSD su tafi tare. Mai yiwuwa irinsa mai gyaran ya sake sa miki. A nemi na sanannen kamfani irin su Corsair, Cooler Master ko Seasonic, mai tambarin 80 Plus, a cikin kwalinsa da garanti. Kwamfutar ɗalibi mara katin hoto, wato injin hoto na daban da ake sawa a madabod, da wuya ta wuce wat 120 ko tana cikin aiki sosai, don haka wat 400 na gaskiya ya fi wat 650 na ƙarya. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

In ta hannu ce da aka shigo da ita daga Amurka, a leƙa bayan fawa-fak ɗin kafin a jona. Wasu tsofaffi suna da ɗan jan makunni mai 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. In yana kan 115 aka sa shi a wutarmu, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi.

Sai UPS. Lambar da ke jikinsa VA ce, ba wat ba: mai 650VA abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. Ya ishi kwamfuta ɗaya da monita ɗaya. Batirinsa galibi mai bolt 12 ne da 7Ah, mintuna goma zuwa sha biyar zai riƙe, wato daidai a adana aiki a kashe inji cikin tsari. Ba don a ci gaba da karatu aka yi shi ba, kuma yawan zuƙe shi har ya mutu shi ke gajarta ransa. Zafi ma yana cin batirin, don haka a ajiye shi inda iska ke bi, a sa ran canja batiri bayan shekara biyu zuwa uku. Kada a jona masa firinta mai leza, ko dutsen guga, ko abin dafa ruwa.

Inda wuta ke yawan zuwa rabi, a sa sitabilaiza tsakanin bango da UPS, mai maɓallin jinkiri, a bar jinkirin a kunne. Daidai lokacin da aka dawo da wuta ne ta fi yin tsalle, jinkirin kuma yana barin ta daidaita kafin ta isa kwamfuta. Haka in za a koma kan janareta, a kashe soket tukuna, sai injin ya zauna sannan a kunna. Da damina in hadari ya taso da tsawa, a zare filogi gaba ɗaya daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Abu na ƙarshe, Hajiya, ki sa mai aikin wuta ya gwada soket ɗin ɗakin ko wayar ƙasa tana aiki. In ana taɓa akwatin kwamfuta ana jin ɗan ja a yatsa, alamar babu ita ke nan, kuma ba tare da ita ba, abin kariyar da ke cikin UPS da fawa-fak ba ya cika aikinsa.

TAMBAYA: Ina karanta zanen gine-gine a ABU Zariya, gidanmu yana Kawo. Ina da OptiPlex 7060 ƴar siririya mai i5-8500. A manhajojin zane, AutoCAD yana tafiya, amma Revit yana nauyi. An yi mini tayin katin hoto GTX 1050 Ti mai araha sosai. In saya?
Ɗalibi, Kawo

AMSA: Dakata tukuna, ɗan'uwa. Ka fara duba RAM: in 8GB ne, ka kai shi 16GB ko sama, sau da yawa nan nauyin Revit yake. Sannan siririyar OptiPlex fawa-fak ɗinta wat 200 ne, kuma bakin wayoyinsa na Dell ne, ba a cire shi a sa na kasuwa kai tsaye. Kati sai gajere, wanda ba ya neman ƙarin waya. GTX 1050 Ti da GTX 1650 suna da gajerun samfura masu shan wat 75, amma Nvidia wat 300 ya ba da shawara a kansu, don haka a injinka kan gaɓa za a zauna, kuma da yawansu suna da kaurin da ba ya samun wuri a siririn akwati. Ka auna wurin kafin ka biya.

Arahar da ka ambata ita ta fi damunmu. An san jabun 1050 Ti da yawa, tsofaffin katuna ne irin su GTS 450 aka sauya musu suna. In ka ga bakin VGA mai launin shuɗi a jikinsa ka ajiye shi, domin katunan GTX na jerin 10 ba sa fitar da VGA. Ka kuma buɗe manhajar GPU-Z a gaban mai kayan, takan tona asirin irinsu. GT 710 kuwa ko kyauta ne bai fi injin hoton da ke cikin furosesarka ba. GT 1030 yana shan wat 30 kawai, amma iri biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun kusan rabin saurin na farko gare shi. In har Revit da fitar da hoton gini za su zama aikinka na kullum, gara ka sayar da siririyar ka haɗa mai babban akwati da fawa-fak na wat 500 zuwa 550.

TAMBAYA: Me ya kamata in gwada a shago kafin in biya kuɗin ta hannu? Kuma yaya zan kare ta daga ƙurar hunturu?
Mai karatu, Malali

AMSA: Ka tafi da filash mai ɗauke da CPU-Z da CrystalDiskInfo da HWMonitor, duk kyauta ne. CPU-Z zai nuna ainihin lambar furosesa da yawan sandunan RAM, ba abin da aka manna a jikin akwati ba. CrystalDiskInfo zai nuna lafiyar faifai da awannin da ya yi yana aiki: shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa a canja maka. In SSD ɗin ba sanannen kamfani ba ne, H2testw yana cika shi da bayanai ya sake karantawa, ya fallasa wanda aka ƙara wa girma na ƙarya, sai dai yana cin lokaci, don haka ka nemi garanti a rubuce a kan rasit tare da lambar injin. Ka bar ta a kunne ko da minti ashirin ne da bidiyo yana tafiya, kana kallon zafi. In furosesa tana haura digiri 90 a wannan ɗan aikin, man da ke ƙarƙashin fanka ya bushe ko fankar ta toshe. Ka gwada kowane bakin USB, da sauti, da bakin wayar intanet. Ka shiga BIOS ka tabbatar babu kalmar sirrin tsohon ofishin da ta fito. In agogonta yana komawa baya duk lokacin da aka zare wuta, ɗan batirin CR2032 ne, canja shi ba wuya. Yawancin waɗannan injinan ba su da Wi-Fi, sai an sayi ɗan na USB ko a jona wayar hannu da kebul.

Ƙura kuwa, kada akwatin ya zauna a ƙasa, a ɗora shi a tebur, a bar tazarar kamar tafin hannu biyu tsakaninsa da bango. A lulluɓe shi da kyalle in yana kashe, amma ban da lokacin da yake aiki. A busa shi da bulowa sau ɗaya a tsakiyar hunturu, sau ɗaya kuma a ƙarshen Fabrairu kafin zafin Maris da Afrilu ya sauka. A zare filogi, a fitar da shi tsakar gida, a danne kowace fanka da yatsa yayin busawa, don iska mai ƙarfi tana juya ta fiye da ƙa'ida ta lalata mata gindi. In za a sabunta man furosesa, a goge tsohon da kyalle mai tsabta da ɗan sifirit, a ɗiga sabo daidai ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure notinan fanka huɗu kusurwa da kusurwa, kaɗan-kaɗan, har su zauna daidai.